Kurakuran da aka fi yi wajen tayar da tsohuwar motar soja da tsatsa ta ci

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohuwar Bedford RL ya san abin da take yi wa zuciya. Ga tsayi, ga faɗin goshi, ga tayoyi da suka kai mutum ƙugu. Kamfanin Vauxhall na Ingila ne ya ƙera ta tun farkon shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1970, an fitar da kusan 74,000, kuma ta daɗe tana ɗaukar sojojin Birtaniya da kayansu. Injinta na fetur ne mai silinda shida, lita 4.9, tayoyi huɗun duka suna iya ja. A Ingila har yau akwai masu sayen irinta su farfaɗo da ita don sha'awa kawai. Mu ma sunan Bedford ba baƙonmu ba ne, domin an daɗe ana harhaɗa manyan motocinta na farar hula a Apapa da ke Legas. Da RL ɗin zan yi misali, amma abin da zan faɗa ya shafi kusan duk motar soja ta wancan zamani.

Kuskuren farko tun kafin a biya kuɗi ake yin sa. Mai saye ya zo, tambayarsa ɗaya: tana tashi? Aka sa batir, aka ɗura fetur a kafireta, inji ya yi tari ya kama, shi ke nan ciniki ya faɗa. Alhali inji shi ne abin da ya fi sauƙin gyara a jikin motar nan. Ƙarfe ne mai kauri, babu kwamfuta, babu wani sirri, duk tsohon bakaniken manyan motoci zai iya kwance shi ya mayar. Abin da ke kashe aiki shasi ne, wato ƙarfen nan biyu dogaye da duk motar ke zaune a kansu. Ka je da ƙaramar guduma da tocila da tabarmar da za ka kwanta a kai. Ka bi shasin tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi busasshen ƙoƙo, ɓawo yana zubo maka a fuska. Ka fi tsayawa inda sifirin ke maƙale, da inda ƙarfen giciye ya haɗu da dogon, da duk inda faranti biyu suka kwanta a kan juna. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, don haka idan ta shiga tsakanin faranti biyu sai ta riƙa tura su, har ka ga sun kumbura, kusoshin da suka riƙe su sun miƙe. Idan ka ga kumburin nan a wurare da yawa, ka nemi wata motar, komai daɗin kukan injin.

Wannan tayarwar ta ranar ciniki ma ɓarna ce. Injin da ya shekara goma a kwance, baƙin mai ya gama tsiyayewa ƙasa, bangon silinda ya bushe, wataƙila ringi ya manne. Ka murza shi a haka, ka kankare silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Yadda ya kamata shi ne a cire fulogi duka shida, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu a hankali. In ya ƙi juyawa, a ƙara mai a ƙara haƙuri, kada a ja motar da wata don a tilasta shi. A zubar da tsohon baƙin mai a duba ko akwai ruwa a ciki. Kuma kada a bari ya sha daga tankinsa, domin tsohon fetur ya zama danƙo, ga garin tsatsa a gindi. A ba shi sabo daga ƙaramar jarka. Da ya kama, idonka a kan agogon matsin baƙin mai. In bai motsa ba, kashe shi nan take.

Sai zumuɗin kwancewa. Mako guda an warwatsa mota gaba ɗaya, noti a bokiti, wayoyi a buhu, bayan shekara biyu babu mai tuna wane ya fito daga ina. Yawancin motocin da ake sayarwa a tarwatse a nan suka tsaya. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa kowane abu, ka sa notin kowane sashe a ledarsa da rubutu, ka gama sashe ɗaya kafin ka buɗe wani. Kada ka yar da komai, ko da ya lalace, sai na madadinsa ya zo ka gwada su kafaɗa da kafaɗa. Ka kuma sani notin motar nan ma'aunin inci ne. Sifanar milimita tana shiga kamar ta yi daidai, sai ta cinye kan notin. Wanda ya ƙi kwantuwa, a jiƙa shi da baƙin mai, a ɗan gasa shi, a bubbuga, ya fi a sa dogon bututu a karya.

Yanzu ga inda na fi son a saurare ni, maganar tsatsa da fenti. Na taɓa ba wani mai gyaran bodi ƙofar mota da gindinta ya huhhuje. Bayan kwana huɗu ya kawo ta sumul, sai sheƙi take. Damina ɗaya ta wuce, na ga ƙuraje sun fito a layi a ƙasan ƙofar. Na sa farce na danna ɗaya, ruwa ja ya fito. Da na kankare, foti ne ya kai kaurin yatsa, a bayansa an cusa ragar waya da takardar kwali, ramin kuwa ya ninka yadda na bar shi. Laifina a ciki shi ne ban tsaya na ga ƙarfen tsirara kafin a rufe ba, kuma tun daga ranar ba na yarda a shafa komai sai na gani da idona.

Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta. Foti yana shan danshi, kuma duk inda iska da ruwa suka sami ƙarfe aikinsu suke ci gaba da yi a ƙarƙashin fenti. Tsatsar sama, wadda ba ta ci kauri ba, a goge ta da buroshin waya ko sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ragowar da ke cikin ƙananan ramuka a shafa mata maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙa. Wannan magani ba ya aiki a kan ɓawo mai kauri, sai an fara kankarewa. Inda ya huje ko ya yi siriri kuwa magani ɗaya ne: a yanke har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon faranti mai kauri ɗaya da na asali, a yi walda baki da baki. Masu ɗora faci a kan rami suna gina wa ruwa ɗaki ne tsakanin tsoho da sabo. Waldar ma a riƙa ɗigawa nan da can ana barin wuri ya huce, don faranti siriri yana lanƙwashewa da zafi. Kafin a yanke daɓen kan mota, a ɗaure shi da ƙarafa ta ciki, in ba haka ba zai saki jiki, ƙofofi su daina rufuwa.

Ƙarfen da aka goge kuma ba ya jira. Idan da danshi a iska, kafin gari ya waye ya yi ja. Ranar da aka goge, ranar za a wanke maiƙo a fesa fentin ƙasa, wanda ake haɗa ruwa biyu ya fi riƙewa. Wanda zai yi aikin a ƙasar Hausa, rani ya fi masa, amma ya kiyayi ƙurar hunturu lokacin feshi. Cikin bututun ƙarfe da lungunan da buroshi ba ya kaiwa, a fesa musu mai ko kakin hana tsatsa, a kuma buɗe ƙananan ramukan da aka yi don ruwa ya fita, waɗanda laka ta toshe.

Shasi kuwa ba wurin koyon walda ba ne. A kai wa wanda ya saba da manyan motoci, kada a huda ko a ƙona leɓensa na sama da na ƙasa yadda aka ga dama, don su ne ke ɗauke da nauyi.

Akwai kurakuran da ba mota suke lalatawa ba, mutum suke kashewa, kuma su aka fi rainawa. Tsohon fentin wancan zamani sau da yawa akwai dalma a ciki, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Kada a goge shi a tsakar gida, kada a shiga ɗaki da kayan aiki a jiki. Feshin yashi don cire tsatsa yana tayar da ƙurar da ke taurara huhu har abada, ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Takalman birki da farantin kuloci na da, da asbestos ake yin su, mai jawo ciwon daji. Kada a hure ƙurarsu da iska, a jiƙa a goge. Tankin fetur kuma, ko ya shekara ashirin a bushe, kada wuta ta kusance shi. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, ba ruwan fetur ba. Motar da ta haura tan huɗu ba a shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, ko a kan bulon siminti, sai an tokare da katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe.

Sai wili. Yawancin manyan motocin soja na da, wilinsu ba guda ba ne: ko dai gida biyu ne da aka ɗaure da noti, ko kuma akwai zoben ƙarfe da ke riƙe bakin taya. A kan motocin sojan Birtaniya akan shafa wa notin da ke haɗe gida biyun jan fenti, gargaɗi ne cewa kada a taɓa su matuƙar da iska a ciki. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka su ne notin cire taya. Zoben kuwa, in tsatsa ta ci mazauninsa ko bai zauna daidai ba, lokacin ba da iska yana tashi da ƙarfin da zai raba mutum da kansa. A sace iska gaba ɗaya, a cire bawul, kafin a taɓa komai. A goge mazaunin zoben tas, wanda ya lanƙwashe ko ya tsage a jefar. Wajen ba da iska a sa wilin cikin keji, ko a naɗe shi da sarƙa mai ƙarfi, mutum ya tsaya daga gefe da dogon tiyo. Ba kowane mai faci ne ya san irin wannan wili ba. Ka tambaye shi kafin ka miƙa masa. Tayar kanta kada zanenta ya ruɗe ka. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Tayoyin da aka yi daga 2000 suna da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, ta girmi haka.

Birki ake bari ƙarshe, shi ya kamata a fara. Motocin wancan zamani galibi layin birki ɗaya gare su, bututu ɗaya ya fashe, duka ƙafa huɗu sun tafi. Man birki na yau da kullum yana jan ruwa daga iska, ruwan nan ya zauna shekaru yana cin bututu da silinda ta ciki, inda ido ba ya gani. Ƙara mai da fitar da iska ba gyara ba ne. A canza bututun ƙarfe duka, da na roba duka, da robobin cikin silinda. Kada a haɗa man birki na silikon, mai lamba DOT 5, wanda sojan Amurka ke amfani da shi, da DOT 3 ko DOT 4. Birkin hannu ma ya kama sosai kafin motar ta leƙa titi.

Wajen wuta, a duba kafin a ɗaura batir: motocin Ingila da yawa na shekarun 1950 kan batir mai alamar tarawa suke haɗawa da jikin mota, akasin na yau, kuma motocin soja da dama bolt 24 suke amfani da shi maimakon 12. Wayoyin da rigarsu ta bushe tana farfashewa a sake su gaba ɗaya. Injin kuma an yi shi ne lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul ɗin inji. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irinsa, a 2021. In za a riƙa doguwar tafiya da kaya, a sa mazauni mai tauri lokacin da aka buɗe kan inji. Kuma kada a bar ta tana ja da ƙafa huɗu a kan kwalta, giyar tana ɗaurewa har wani abu ya karye; na yashi da laka ne.

Na bar launi ƙarshe don shi ne mafarkin kowa, ranar da za a fesa koren nan. A Ingila mai irin wannan mota yana mayar mata da launinta da alamun rundunarta ya fita da ita ba mai ce masa kanzil. A Najeriya doka ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja tun zamanin mulkin soja, kuma a halin tsaron da ake ciki ba abin gwaji ba ne a shingen bincike. Ka zaɓi wani launi, ka bar alamun runduna. Takardun gwanjo ko na sayarwa da ke nuna yadda motar ta bar hannun hukuma su kasance a hannunka tun kafin ka sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, lambar da ke jikinsu ta dace da wadda aka buga a shasi. Lokacin goge shasin ma ka kewaye wurin lambar da alli, ka bi shi da buroshin hannu kawai, kada injin gurza ya shafe ta.