Yadda ake ƙara wa furosesa gudu ba tare da an ƙona ta ba a zafin Birnin Kebbi

A watan Disamba, lokacin da hunturu ke sa mutum neman bargo da asuba, ƙanena ya shiga BIOS na kwamfutar da muke haɗa bidiyon biki da ita, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya ƙara wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu. Wata uku tana aiki lafiya lau. Afrilu na kamawa, sai ta fara mutuwa da kanta bayan azahar, tana tsakiyar fitar da aikin mutane. Ba a taɓa komai a cikinta ba, ɗakin ne ya canja. A nan Birnin Kebbi zafin bazara yakan haura digiri 40, kuma fankar kwamfuta ba ta da wata iskar da za ta hura wa furosesa sai wadda ke cikin ɗakin. Ɗaki ya ƙara digiri goma, furosesa ma kusan goman za ta ƙara. Masu koyar da wannan harka a YouTube daga ƙasashen sanyi ba kasafai suke kawo maganar ba, shi ya sa na fara da ita.

Abin da ake kira obakulokin shi ne tilasta wa furosesa gudun da ya wuce wanda kamfani ya tsayar mata. Lissafin ba shi da wuya. Akwai agogon tushe mai 100 MHz, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita. Lamba 43 tana ba da 4.3 GHz, in ka mayar da ita 47 ka samu 4.7 GHz. Ribar ke nan, kusan kashi 9 cikin ɗari: aikin minti 30 ya dawo kamar minti 27 da rabi. Wannan minti biyu da rabin shi za ka ɗora a sikeli da kuɗin sabuwar furosesa.

Duba ko na'urarka ta yarda

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu ba sa karɓar wannan aiki. Dell OptiPlex da HP na ofis da ake kawowa tokumbo, BIOS ɗinsu a kulle yake. Laftof kuwa ka ƙyale ta, da ƙyar take fitar da zafin da take da shi ma. A ɓangaren Intel sai furosesar da lambarta ta ƙare da K, kamar i5-9600K ko i5-12600K, a kan madabod (babban faifan da ake dasa furosesa a kansa) mai harafin Z, irin su Z390 da Z690. Ryzen na AMD, tun fitowarsu a 2017, galibinsu a buɗe suke, amma suna buƙatar madabod irin B450, B550 ko jerin X. A320 ba ya yi. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka sunan furosesa da na madabod cikin daƙiƙa kaɗan.

Intel da AMD duk sun faɗa cewa ɓarnar da wannan aiki ya jawo ba ta cikin garanti. Intel ta taɓa sayar da wata kariya ta daban don masu yin sa, ta daina a 2021. Mai tokumbo dama ba shi da garantin, aljihunsa ne zai amsa.

Gyara wuta, kakkaɓe ƙura, kwashe fayil

Kada ka fara a kan janaretan da ke tari, ko wutar da ke zuwa tana komawa. Ka samu UPS ko inbata mai kyau. Akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar ma ka duba shi: in marar suna ne mai sauƙi kamar gwangwani, shi zai fara sallamawa, kuma wani lokaci yakan tafi da madabod.

Sai ka buɗe murfi. Ƙurar hunturu takan toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa har ta zama kamar auduga. Ka hure ta da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, idan ya shekara biyu ko uku ya bushe, ka goge ka sa sabo kamar ƙwayar wake. Ƙaramar fankar da ake bayarwa a kwali ba ta wannan aikin ba ce. Nemi babba mai bututun tagulla.

Kafin ka ci gaba, kwafe duk fayilolinka a wani wuri. Furosesar da ba ta zauna daidai ba takan yi kuskuren lissafi shiru, ta lalata fayil ko Windows ɗin kansa, ba ka sani ba sai daga baya.

Auna kafin ka taɓa komai

Sauke HWiNFO don ganin zafi da boltej (ƙarfin wutar da ake ba furosesa), Cinebench don auna gudu da maki, da Prime95 ko OCCT don wahalar da furosesa. Kunna gwajin da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, a yanayin da ka saba aiki. In ba ka da AC a kullum, kada ka aro ɗaki mai AC don gwaji. Rubuta makin da zafin a takarda. Idan tun yanzu tana kai digiri 85, rufe maganar, babu wurin ƙari. Yawancin furosesar Intel idan sun kusa digiri 100 sukan rage gudunsu da kansu don su tsira, ka ga garin neman ƙiba an samo rama.

Ƙara lamba ɗaya ɗaya

Sake kunna kwamfutar kana danna Del ko F2 har BIOS ya buɗe. Nemi inda aka rubuta CPU Ratio, ita ce lambar ninkin nan. Ƙara ɗaya kawai, adana da F10, shiga Windows, yi gwajin minti 15 zuwa 20 idonka a kan zafi. Ta zauna lafiya? Koma ka ƙara ɗaya. Agogon tushe na 100 MHz kuwa ka bar shi yadda yake, don wasu sassan ma da shi suke tafiya. Akwai Intel XTU da Ryzen Master da ke yin wannan daga cikin Windows, sun fi sauƙi ga mai koyo, amma ƙa'idar ba ta canja ba.

Za ka kai inda za ta ƙi: shuɗin allo, daskarewa, ko Prime95 ya nuna kuskure. A nan mutane ke miƙa hannu ga boltej, kuma a nan ɓarnar take.

Boltej

Gudu shi kaɗai ba kasafai yake kashe furosesa ba, boltej da zafi ke cin ta. Wutar da take sha tana ƙaruwa ne da ninkin boltej sau kansa. Ka ɗaga daga 1.20 zuwa 1.32, wato kashi 10, wutar ta ƙaru da kashi 21. Ka haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, ka doshi kashi 33. Duk wannan zafi ne da fanka za ta fitar cikin ɗakin da shi ma yake tafasa. Sassan da ke kewaye da mazaunin furosesa a kan madabod, masu tace mata wuta, su ma suna ɗaukar zafi, kuma a madabod mai araha ko ƙarfen sanyaya ba a sa musu.

Ɓarnar boltej ba a ganinta rana ɗaya. Siraran hanyoyin wuta na cikin furosesa suna zaizayewa a hankali, sai ka ga saitin da ya zauna bara bana yana neman ƙarin wuta, daga baya ko gudunta na asali ta kasa riƙewa. Kamfanin ma bai tsira ba: a 2024 Intel ta amince cewa boltej mai yawa yana lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, irin su i9-13900K da i9-14900K, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana ɓarna ci gaba, amma wadda ta riga ta lalace ba ta dawowa.

Don haka kada ka bar CPU Core Voltage a kan Auto, madabod da yawa sukan zuba fiye da buƙata. Sa shi da hannu, kana ƙara 0.01 a kowane zagaye. Ni a tsofaffin Intel ba na wuce 1.35, kuma da zarar gwaji ya kai digiri 85 na tsaya ko da boltej bai kai nan ba. A Ryzen na 3000 zuwa sama ban ga amfanin tsayar da lamba da hannu ba, sun riga sun iya tura kansu kusa da iyaka.

Idan ka samu inda ta zauna, rage lamba ɗaya, ka bar gwaji ya yi awa shida ko fiye, sannan ka yi ainihin aikinka da ita kwana biyu.

In allo ya ƙi kawowa

Kada hankalinka ya tashi. Cire wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa sau biyu, sannan ka zare ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, daga kan madabod. Bar shi minti biyar ka mayar. BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani, sai dai ka gyara kwanan wata da lokaci.

Saiti biyu, na sanyi da na bazara

Yawancin madabod na wannan aji suna barin ka adana saiti fiye da ɗaya a BIOS. Mu yanzu biyu gare mu. Na farko yana aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Maris na shigowa muke komawa na biyu, wanda gudunsa na kamfani ne, boltej ma mun ɗan rage shi ƙasa da na asali, fankar ta yi shiru, kwamfutar ta daina mutuwa da la'asar. Ƙanena ya rubuta lambobin duka biyun a takarda ya manna a cikin murfin akwatin, saboda ranar da za a sake zare batiri.