Yadda Nake Tantance Labarin Tsananta wa Kiristoci

Idan aka turo mini irin wannan labari, ba na saurin yaɗawa. Nakan fara da tambaya: a wace ƙasa? Koriya ta Arewa, inda mallakar Littafi Mai Tsarki kan jawo ɗauri, ba ɗaya take da ƙasar da ake ba'a kawai ba. Sai in duba wa ya aikata: gwamnati ce, ko 'yan ta'adda, irin waɗanda suka kai hari majami'u da otal-otal a Sirilanka ranar Ista ta 2019, suka kashe mutum sama da 250?

Daga nan in gwada rahoton Open Doors da na Pew, wata cibiyar bincike a Amurka, domin ta farkon ƙungiyar Kirista ce. Hoto kuwa, sai na binciko asalinsa. Tsohon hoto ya taɓa ba ni kunya.