Matakan Cin Kasuwar Chatuchak a Birnin Bankok

Kasuwar Chatuchak da ke Bankok, babban birnin Tailan, tana ci ne ranakun Asabar da Lahadi, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, kuma rumfunanta sun kai dubbai.

Da farko, ka yi sammako, domin da zarar rana ta take, zafi da cunkoso sukan hana mutum sakewa. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka a tashar Kamphaeng Phet, wadda ƙofarta ke bakin kasuwar.

Na biyu, ka tanadi canjin kuɗin baht tun daga masauki, ka rataya jakarka ta gaba saboda 'yan sane. Ka kuma riƙe hasumiyar agogon da ke tsakiyar kasuwar a matsayin alama, domin lungunan sun yi kama da juna.

Na uku, wanda shi ne ya fi bukatar natsuwa, ka duba kaya da kyau kafin ka taya. Ka juya akushin katako ko tangaran ka ga gindinsa. Aikin hannu ba ya rasa ɗan sawun wuƙa ko bambancin launi, amma idan ka tarar da guda ashirin iri ɗaya sak, to na inji ne. Ka yi ciniki da fara'a ba tare da kushe kayan ba, kuma abin da ya kwanta maka ka saya nan take, domin da wuya ka sake gano rumfar.

Daga ƙarshe, ka roƙi mai rumfa ya naɗe maka kayan da ke fashewa da takarda kafin ka sa su cikin jaka.