Yadda Masu Shekaru Za Su Fara Tattaki a Daji da Kan Duwatsu

Wanda ya haura shekara 60 bai makara ba. Tattaki yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, kuma iskar daji tana wartsake rai. Amma mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Ku soma da minti 20 zuwa 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sau uku a mako. Duk mako ku ƙara kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100. Sai kun iya awa guda babu haki sannan ku tunkari tudu.

Gangarowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa, domin lokacin ƙafa ta riga ta gaji. Ku gajarta taku, ku ɗan lanƙwasa gwiwa, ku dogara da sanduna biyu. Tsawon sanda ya yi daidai idan kun riƙe ta hannu ya lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki.

Takalmi kuwa, a gwada shi da yamma, saboda ƙafa tana ɗan kumbura da wuni. A bar sararin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai riƙa dukan bakin takalmin a gangare har ya yi baƙi. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Ta ulu ta fi.

Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, don haka kada ku jira ta. Ku sha kusan rabin lita duk awa.

Ku sanar da wani hanyarku da lokacin dawowa. Idan kun ji ciwon ƙirji ko jiri, ku zauna nan take ku nemi taimako.