Kada awara ta dagargaje a cikin taliya

'Yan uwa mata, in za ki soya taliya da awara ba nama, ki sayi ɗanyar awara, ki yanka, ki jiƙa ta a ruwan zafi mai gishiri minti 10.

Tsame ta, shanya a tsumma mai tsabta, sannan ki soya ta ita kaɗai har ta yi ja.

Gishirin nan yana janyo ruwan da ke cikinta, ya kuma shige ta. Ba ta fallatsa mai, ba ta rugujewa. Ni da farko tare nake zuba komai, sai abin ya koma kamar fate, yara na tsintar taliya suna ture sauran.

Lokacin sanyi kayan lambun Jiratawa, kusa da Maradi, kan cika kasuwa. Karas ki fara sawa, ya fi tauri. Kabeji, tattasai da albasa su biyo baya, wuta sosai. Taliyar kuwa kada ta nuna luguf, ki tsane ta da sauran ƙarfinta. Awara ce ƙarshen shiga, juyi biyu ki sauke.

Amma in awarar ta kwana ta fara tsami, dabarar ba ta ceto ta. Haka in kin cika kasko: kabeji zai saki ruwa, suya ta zama dahuwa. Ki raba biyu.