Yadda na dawo wa tsohon fim da fuskarsa

Na daɗe ina jiran faifan Blu-ray na wani fim ɗin tsoro na shekarun 1970, irin waɗanda aka yi ta cece-kuce a kansu a Ingila har aka yi dokar tace kaset ɗin bidiyo a 1984. Da na kunna, sai jikina ya yi sanyi. Fuskokin 'yan wasa sun yi sumul kamar an shafe su da kakin zuma, motsinsu kuma santsi kamar labaran talabijin.

Na ɗora laifin a kan waɗanda suka gyara hoton fim ɗin don faifan, ashe talabijin ɗina ne. An ɗauki fim ɗin a kan zare mai faɗin milimita 16, hoto 24 a daƙiƙa, saboda haka ɗigo-ɗigo mai kama da yashi da ake gani a irin wannan fim jikin hoton ne. Talabijin na ɗaukarsa datti yana gogewa, yana kuma cusa hotunan ƙirƙira tsakanin na ainihi.

A saitin talabijin, na kashe rage dusar hoto (mai goge ɗigo-ɗigon) da sassauta motsi (mai cusa hotunan ƙirƙira), na mayar da kaifin hoto sifili, na koma Filmmaker Mode, wato saitin da ke nuna fim yadda masu shirya shi suka yi shi. Nan take gumi ya bayyana a goshin jarumar, tsatsar ƙofa ta fito, duhun ɗakin da kaset ɗin bidiyo ya haɗiye a da ya nuna abin da ke rataye a bango. Sai da tsigar jikina ta tashi.