Darasi na 9: Zaɓen Manifol da Kafireta ga Tsohuwar Motar Shan Iska

A Amurka akwai masu riƙon tsofaffin motoci kamar yadda ake riƙon dokin hawan salla. Ba haya suke yi da su ba, ba tsere ba. A wanke mota, a goge ta, a fito da ita da la'asar a bi titi a hankali, jama'a su sha kallo. A titin Woodward na yankin Detroit ana irin wannan taro duk watan Agusta tun 1995. Motocin su ne irin su Chevrolet Impala da Camaro da Ford Mustang na shekarun 1960 da 1970, masu inji mai silinda takwas da ake kira V8.

A wannan darasi za mu karanta, mu kuma yi lissafi. Duk wanda ya taɓa kwance kafiretar babur, ko ta janareta, ko ta Peugeot 504, ya riga ya san rabin karatun.

Kalmomin da za a maimaita da baki kafin a ci gaba su ne kafireta, manifol, silinda, totur, da juyi. A rubuta kowace sau uku a littafi.

Hanci da maƙogwaro

Inji numfashi yake yi. Fistin ya sauka, ya zuƙo iska da fetur. Fulogi ya ba da wuta. Hayaƙi ya fita ta salansa. Kafireta ita ce ke gauraya iskar da fetur. A ma'aunin nauyi, kashi ɗaya na fetur yana son kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Manifol kuwa ƙarfe ne mai hanyoyi a ciki, yana zaune a tsakiyar inji, kafireta tana bisa kansa. Shi ke raba gaurayen zuwa silinda takwas.

Ga abin da ya kamata a riƙe tun yanzu. Kafireta ba ta tura fetur cikin inji. Iska ce ke janyo shi. A cikin kafireta akwai wani matsattsen wuri kamar maƙoshi. Iska in ta zo nan sai ta ƙara gudu, kamar yadda ruwan tiyo ke feshi da ƙarfi in ka danne bakinsa da yatsa. Wannan gudun ne ke tsotso fetur, ya farfasa shi ya zama kamar hazo. In maƙoshin ya cika faɗi, iska ta riƙa tafiyar hawainiya, fetur ba zai fito yadda ake so ba. Direba ya taka totur, mota ta yi kamar za ta mutu, sannan ta zabura.

A fara da tambaya: a ina injin yake yini?

Ana auna gudun inji da yawan juyinsa a minti ɗaya. Motar shan iska tana tsayawa a danja injinta na juyi 700 ko 800. A kan titi tana tafiya da juyi 2,000 zuwa 2,500. Da wuya ta wuce 5,000, sai dai in mai ita ya so ya burge abokai. Motar tsere kuwa a can sama take rayuwa, daga 4,000 zuwa 8,000. Kayan da aka ƙera wa ɗaya ba su dace da ɗayar ba, ko da ramukan kusoshinsu sun hau daidai.

Manifol iri biyu ne. Na farko mai ɗaki biyu. In ka leƙa ta samansa za ka ga katanga ta raba ramin gida biyu, kowane ɗaki yana ciyar da silinda huɗu. Injin Chevrolet yana ba da wuta ne a jere kamar haka: 1-8-4-3-6-5-7-2. An tsara hanyoyin yadda silinda ɗaya za ta zuƙa daga wannan ɗaki, mai bi mata ta zuƙa daga wancan. Ba a cunkoso a ƙofa ɗaya. Hanyoyinsa dogaye ne, ba su cika faɗi ba, don haka iska na gudu ko da inji yana tafiya a hankali. Kamfanin Edelbrock, wanda ya fara sana'ar nan a Kalifoniya a 1938, yana da irin wannan mai suna Performer, kuma an yi shi don aiki daga tsayuwar inji zuwa juyi 5,500. Akwai yayansa, Performer RPM, mai ɗan tsayi, daga 1,500 zuwa 6,500.

Na biyu mai ɗaki ɗaya. Babu katanga, fili ne guda, hanyoyi takwas gajeru masu faɗi sun fita daga cikinsa. Victor Jr. na wannan kamfani haka yake, kuma aikinsa daga juyi 3,500 ne zuwa 8,000. A dubi wannan adadi da kyau. Inda shi yake fara aiki, motar shan iska ta kusa gama nata. Yana da kyan gani in an buɗe bonet, wannan gaskiya ne, shi ya sa yake yaudarar mutane. Amma ni a ganina sa shi a motar yawo kamar ɗaura wa jakin kai taki sirdin sukuwa ne. Amsa a nan ba ta da wuya: mai ɗaki biyu.

Lissafin kafireta

A jikin kwalin kafireta za ka ga lamba, 500 ko 600 ko 750, da haruffa CFM. Ma'anarsu yawan iskar da za ta iya wucewa ta cikinta a minti ɗaya. Ma'aunin shi ne akwati mai ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, wanda ke cin lita 28 da 'yan kai. Kafireta mai 600 ke nan tana iya wuce da iska kusan lita 17,000 a minti.

Shi ma inji Amurkawa da ɗan akwati suke auna cikinsa, amma mai inci ɗaya ta kowane gefe. Injin Chevrolet 350, wanda ya fara fitowa a Camaro ta 1967, yana cin irin waɗannan 350, wato lita 5.7.

A ɗauki fensir. Girman inji, a ninka shi da juyi mafi yawa da za a kai shi, a raba da 3,456.

350 sau 5,500 ya ba da 1,925,000.
A raba da 3,456, ya ba da 557.

Daga ina 3,456 ta fito? Babban akwati ɗaya yana cin ƙanana 1,728. Kowace silinda kuma sau ɗaya take zuƙa a cikin juyi biyu. 1,728 sau 2 ke nan.

Saura mataki ɗaya. Injin titi ba ya cika cikinsa fal; a kan yi masa lissafin kashi 85 cikin 100, wani ma bai kai haka ba. 557 sau 85, a raba da 100, ya ba da 473. To ga shi: injin 350 bai ma buƙaci 500 cif ba. Mai 600, irin Edelbrock 1406 ko Holley 1850, ta ishe shi har da rara.

A nan ne wani a aji zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai na ji an ce kamfanin Chevrolet da kansa ya riƙa sa mai 750 a irin wannan inji.” Gaskiyarsa. Sunanta Rochester Quadrajet, ta fito a 1965. Amma a juya ta a duba ƙasanta. Bakuna huɗu gare ta: biyu na gaba ƙanana ƙwarai, biyu na baya manya. Da ƙananan mota ke yawo duk yini, shi ya sa ba ta cika shan mai ba. Manyan kuma akwai murfi a kansu wanda ba ya buɗewa sai gwargwadon iskar da inji ya nema. Lambar 750 tana nan, amma inji ba ya ganinta sai ya isa.

Wannan ya kawo mu ga bakunan baya. Kafireta mai baki huɗu iri biyu ce: a wata, ƙafar direba ce ke wangale na bayan nan take, kamar Holley da ake yi wa laƙabi da mai famfo biyu. Ta dace da mota marar nauyi mai giyar hannu. A ɗayar kuwa zuƙar inji ce ke buɗe su sannu a hankali. Ga Impala mai nauyi, mai giya otomatik, ta biyun ce daidai, domin tana rufa wa direba asiri in ya yi gaggawar taka totur.

Kafin a biya kuɗi

Bakin manifol da ƙasan kafireta su zama iri ɗaya. Akwai mai ramuka huɗu kusan daidai wa daida, akwai mai ƙanana biyu da manya biyu irin na Quadrajet. In sun saɓa, iska za ta riƙa satar shiga ta gefen gaskit, inji ya ƙi tsayawa lafiya.

A kuma duba kan silinda. Tsohon kan injin Chevrolet kusoshi 12 ke riƙe masa manifol. Wanda ake kira Vortec, da ya fito a 1996, kusoshi 8 ne, kuma manifol ɗin tsohon ba ya hawa kansa. Tsofaffin motoci da yawa an sha canza musu kaya, don haka shekarar mota ba hujja ba ce. A buɗe a ƙirga.

Famfon mai ma yana da magana. Kafiretar Edelbrock ba ta son matsin fetur ya wuce awo 6 na PSI, ma'aunin matsi, a agogon gwaji. In ya wuce sai mai ya tumbatsa. In kuma giyar motar otomatik ce samfurin 700R4, wayar da ta haɗa ta da totur dole ta zauna daidai a jikin sabuwar kafireta, in ba haka ba giyar za ta ƙone cikin ɗan lokaci.

Na ƙarshe shi ne tsayi, kuma gwajinsa ko yaron gareji zai iya. A ɗora kayan, a sa matatar iska a bisa, a mulmula yumɓu kamar ƙwallon fura a ɗora a kanta, a rufe bonet a hankali, a buɗe. Kaurin yumɓun da ya baje shi ne tazarar da ta rage. In bai kai rabin inci ba, a nemi manifol mai gajarta, domin inji yana jijjiga in yana aiki.

Aikin gida

Injin Ford 302 ne, mai shi ba zai wuce juyi 5,000 ba. A yi lissafin iskar da yake buƙata da kashi 85 cikin 100. Mai shago ya ajiye kafireta uku a kan tebur: 500, 600 da 750. A rubuta wadda za a ɗauka, da dalili a jimla biyu. Wanda yake da janareta a gida ya cire matatar iskarta, injin yana kashe, ya leƙa ya nemo maƙoshin, ya zana shi ya zo da zanen aji.